An ɗebi na ciki, me ya sa kuma ake neman ɓargo?

Ranar awon yara wata kaka ta tare ni a bakin ƙofa, da jikanta ɗan shekara biyu goye a baya. Cikinsa ya kumbura ta gefe guda, da tauri kamar an cusa dutse, gewayen idanunsa kuma ya yi baƙi kamar wanda ya sha naushi. Akwai tabon tsaga a cikin, don a gida an ce saifa ce. Ta ce, "'Yar nan, a asibitin Shika sun riga sun ɗebi naman cikin, yanzu kuma wai sai sun huda ƙugunsa. Yaro ɗaya, ciwo ɗaya, ɗiba har biyu?"

Tambayarta tana kan hanya, kuma iyaye da yawa na yin ta.

Ciwon da ake zargi sunansa niyuroblastoma, sankarar ƙananan yara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin jijiya waɗanda ba su gama nuna ba. Yawanci tana farawa ne a wani ɗan nama da ke zaune a saman ƙoda, wanda likitoci ke kira adirinal. Kusan tara cikin goma na masu ita ba su kai shekara 5 ba, kuma kusan rabinsu kafin a gano ta ta riga ta bazu zuwa ɓargo, ƙashi, hanta ko fata. Baƙin idon nan alama ce ta cewa ta kai ƙashin da ke kewaye da ido.

Abin da na yi wa kakar bayani shi ne, ƙwayar da ta bar uwar ƙarin ta tafi ɓargo kamar ɗan cirani take. Wanda ya bar Zariya ya nufi Ikko ba da garma yake tafiya ba, kayan aikin can yake nema. Kayan aikin ƙwayar halitta su ne furotin. Kafin ta iya tafiya sai ta rage furotin ɗin da ke manne ta da 'yan uwanta, ta ƙara waɗanda ke yanka mata hanya har ta faɗa cikin jini. In ta sauka a ƙashi kuma sai ta riƙa fitar da waɗanda ke zuga ƙwayoyin jikin yaron su cinye ƙashinsa da kansu. Daga nan ne ciwon ƙafa da ɗingishi ke zuwa, yaron da ya fara tafiya ya koma sai an ɗauke shi. Wasu abubuwan ba su cika canjawa ba, kamar yawaitar wata ƙwayar gado da ake kira MYCN, wadda ake samu a kusan ɗaya cikin biyar na masu ciwon, kuma takan nuna mai tsanani ne. Amma naman ciki kaɗai ba zai gaya wa likita abin da ke faruwa a ɓargo ba, magani kuwa da wannan amsar ake auna ƙarfinsa. Wani lokaci ma ƙarin ciki ya motse, na ɓargo ya yi taurin kai.

Wani abin mamaki, a jariran da ba su kai wata 18 ba akwai nau'in da ke bazuwa zuwa hanta da fata, amma sau da yawa yakan janye da kansa. Sai dai gwaji ne ke rarrabe shi da mugun, ba ido ba, ko da idon kaka ne.

Idan kun ga kumburin ciki mai tauri, ko ido ya turo, ko zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro tare da rama, a dakata da tsaga da jiƙo, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Za a nemi fitsari, a ɗauki hoton ciki. Ɓargon kuma daga ƙashin ƙugu ta baya ake zuƙo shi da allura, bayan an kashe zafin wurin ko an sa yaron barci, kuma jiki na mayar da abin da aka ɗiba.

Kakar ta gyara goyonta, ta ce sai ta faɗa wa uban yaron tukuna. Na rubuta mata bayanin a takarda don ta kai masa.