Mene ne Sefsis? Kalmar da Likitoci Suka Ba Ma'ana Har Sau Uku

Idan likita ya fito daga ɗakin majinyaci ya ce wa dangi "cutar ta shiga jini", sau da yawa kalmar da ya rubuta a fayil ita ce sefsis, wadda ake rubutawa sepsis da Turanci. Bayanin nasa yana da sauƙin kamawa, shi ya sa ya bi bakin jama'a, sai dai yana barin mutane da zaton cewa wata ƙwayar cuta ce ta musamman take yawo a cikin jini. Ga majinyata da dama da suke cikin wannan hali, za a ɗebi jininsu a kai ɗakin gwaji, a jira kwanaki, ba a ga ko ƙwayar cuta ɗaya ta tsiro ba, alhali ƙodarsu ta daina aiki kuma numfashinsu yana neman ɗaukewa. Abin da kalmar take nufi a yau shi ne ɓarnar da jiki yake yi wa kansa a garin yaƙi da cuta.

Asalin kalmar Girkanci ce, kuma ma'anarta ruɓewa. Tun zamanin Hippocrates, wanda littattafan ɗibbu na Larabci suke kira Buƙuraɗu, ake amfani da ita ga raunin da ya lalace ya fara wari. Ta daɗe da wannan ma'ana kafin a gano ƙwayoyin cuta, daga nan aka koma ɗaukarta a matsayin gubar da ƙwayoyin suke zubawa a jini.

Domin a gane ma'anarta ta yanzu, sai a duba abin da ke faruwa idan ƙaya ta soki mutum a tafin ƙafa. Wurin yana yin ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, saboda ƙananan jijiyoyin jini na wajen sun buɗe, bangonsu ya saki, ruwa da fararen ƙwayoyin jini sun tsiyayo domin su kewaye dattin da ya shiga. Wannan aiki ne mai amfani muddin ya tsaya a inda ƙayar ta shiga. A sefsis kuwa, aikin yana bazuwa ko'ina a lokaci guda, kamar wutar da manomi ya cinna wa sassabe iska ta ɗauke ta zuwa rumbu. Jijiyoyin jini na jiki duka suna saki, ruwa yana fita daga cikinsu zuwa tsoka da huhu, ƙarfin jini yana faɗuwa, jinin yana daskarewa gudaji-gudaji a cikin ƙananan hanyoyinsa, gaɓoɓin ciki kuma su rasa iskar da suke buƙata. Daga nan fitsari ya ragu ko ya ɗauke, numfashi ya yi sauri, majinyaci ya fara sambatu ko barcin da ba a iya tashinsa da sauƙi. Wani abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne garkuwar jikin da ta yi wannan wuce gona da iri takan kuma gaji ta yi sanyi, har wata sabuwar cuta ta samu ƙofa.

Kowace irin ƙwayar cuta tana iya jawo wannan hali: bakteriya ce ta fi yawa, amma bairos irin na korona da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro duk suna kai mutum can. Mafarin yakan kasance ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko hanjin da taifot ya huda, ko gyambon mai ciwon sukari, ko mahaifar mai jego, ko cibiyar jariri da aka shafa wa abin da bai kamata ba.

Ma'ana ta farko da likitoci suka haɗu a kanta an tsara ta ne a wani taro da aka yi a kusa da birnin Shikago na Amurka a 1991, ƙarƙashin jagorancin Roger Bone. An ɗora ta a kan alamomi huɗu: zafin jiki sama da digiri 38 ko ƙasa da 36, bugun zuciya sama da 90 a minti, numfashi sama da 20 a minti, da fararen ƙwayoyin jini sama da 12,000 ko ƙasa da 4,000. Duk wanda ake zargin yana da cuta kuma ya cika biyu daga ciki, an ce yana da sefsis. Matsalar a fili take. Wanda mura mai ƙarfi ta kama zai cika biyu yana kwance a ɗakinsa, kuma bayan kwana uku ya tashi ya koma kasuwa. Taro na biyu a 2001 ya tsawaita jerin alamomin ba tare da ya taɓa ginshiƙin ba. A 2015 kuma wani bincike da ya duba bayanan ɗakunan kulawa ta musamman na Ostireliya da Niyuzilan ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin takwas da suke da cuta tare da gazawar gaɓoɓin ciki ba su cika alamomi biyun ba. Ma'aunin yana kama waɗanda ba su cikin haɗari, yana kuma sakin wasu da suke bakin mutuwa.

Wannan ne ya haifar da ma'ana ta uku, wadda mujallar JAMA ta buga a Fabrairun 2016, Mervyn Singer na Landan yana kan gaba a jerin marubutanta. A nan aka ce sefsis shi ne gazawar gaɓoɓin ciki mai barazana ga rai, wadda ta samo asali daga rikicewar martanin jiki ga cuta. Ana auna gazawar da ma'aunin SOFA, wanda yake duba sassa shida, wato huhu, daskarewar jini, hanta, zuciya da jijiyoyinta, ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana ba kowanne maki daga 0 zuwa 4. Idan makin majinyaci ya ƙaru da 2 ko fiye saboda cuta, ya shiga sefsis, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan suna rasuwa a asibiti. Mataki mafi muni shi ne wanda jini yake faɗuwa har ƙarin ruwa ya kasa ɗaga shi, sai an haɗa da allurar matse jijiyoyi kafin matsakaicin ƙarfinsa ya kai 65, sinadarin laktet kuma, wanda yake taruwa a jini idan gaɓoɓi suka rasa iskar da suke buƙata, ya haura 2 a gwaji. A wannan mataki mace-macen suna wuce kashi 40 cikin 100.

Ma'aunin SOFA yana buƙatar ɗakin gwaji mai aiki dare da rana, don haka aka haɗa shi da ƙaramin ma'auni, qSOFA, wanda nas za ta iya yi a bakin gado: numfashi 22 ko fiye a minti, lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa, da gushewar hankali. Bayan shekara biyar, ƙa'idojin 2021 na gamayyar Surviving Sepsis Campaign suka ce kada a dogara da shi shi kaɗai wajen tantance majinyata, domin kafin alamominsa su bayyana sau da yawa an riga an makara. Duk da haka alamomin nan uku suna da amfani ga mai jinya. Tsohuwar da ta kwana biyu tana kukan zafin fitsari, yau kuma ta kasa gane jikarta, tana haki tana kwance, ba ta yi fitsari ba tun asuba, ta wuce wadda za a saya wa magani a kemis.

Girman matsalar ya fito a wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a Janairun 2020: a shekarar 2017 an samu sefsis sau miliyan 48.9 a duniya, mutum miliyan 11 suka rasu, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun kai kusan miliyan 3 a cikin mamatan, kuma Afirka kudu da Sahara tana cikin yankunan da nauyin ya fi dannewa. A watan Mayu na 2017 ɗin ne babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan sefsis.

Maganinsa ya tsaya a kan abubuwa uku: kashe ƙwayar cutar, kawar da mafarinta, da tallafar gaɓoɓin ciki har su farfaɗo. Ƙa'idojin 2021 sun ce a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya idan jini ya faɗi ko zargin ya yi ƙarfi, idan kuwa akwai shakka kuma jinin bai faɗi ba, a yi bincike cikin gaggawa a yanke hukunci kafin awa uku. Kawar da mafari yakan zama tiyata, kamar fitar da mugunya ko ɗinke hanji, kuma a nan ne likitan allurar barci yake shiga tsaka mai wuya, domin yawancin magungunan sa barci suna ƙara sauke jinin da ya riga ya faɗi. Likitocin allurar barcin ne dai suke riƙe da ɗakunan kulawa ta musamman a manyan asibitoci da yawa, har da na Nijeriya.

Inda aka fi yin gardama shi ne ƙarin ruwa, kuma a ganina nan ne darasin binciken ya fi nauyi. A 2001 Emanuel Rivers ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan mutum 263 a wani asibiti na birnin Detroit, inda tsarin ba da ruwa da jini da magunguna cikin awa shida na farko, bisa wasu lambobi da ake bi sau da ƙafa, ya sauke mace-mace daga kashi 46.5 zuwa 30.5. Duniya ta karɓi tsarin hannu bibbiyu. A 2014 da 2015 aka sake gwada shi a manyan gwaje-gwaje uku, a Amurka, da Ostireliya da maƙwabtanta, da Ingila, ba a ga ya fi kulawar yau da kullum ba.

Kafin nan Afirka ta riga ta ba da nata sakamakon, wanda ya fi girgiza likitoci. Gwajin FEAST, wanda Kathryn Maitland ta jagoranta a asibitoci shida na Kenya da Yuganda da Tanzaniya, ya ɗauki yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini, fiye da rabinsu da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. An ba wasu ruwa mai yawa cikin sauri a awa ta farko, kamar yadda littattafai suke koyarwa, wasu kuma aka bar su a kan ruwan da ke ɗiga a hankali. Masu binciken sun yi tsammanin ruwan gaggawa zai ceci rayuka, kuma ma'aikatan da ke bakin gado suna ganin yaran suna ɗan farfaɗowa bayan an ba su. Da aka ƙirga bayan awa 48, kimanin kashi 10.5 na waɗanda aka ba ruwan gaggawa sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 7.3. Aka dakatar da gwajin a farkon 2011. Ya kamata a lura cewa ba a sa yara masu gudawa da amai a ciki ba, waɗanda ruwan jikinsu ya ƙare da gaske kuma ƙarin ruwa shi ne cetonsu. A 2017 wani gwaji a Lusaka ta Zambiya, a kan manya 209 waɗanda akasarinsu suna da cutar ƙanjamau, ya maimaita labarin: kashi 48 na waɗanda aka bi da tsarin ruwa mai yawa sun rasu, kashi 33 a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne ruwan da aka zuba a jijiyoyin da bangonsu ya saki yana tsiyayewa cikin huhu, kuma asibitin da ba shi da na'urar taimaka wa numfashi ba shi da abin da zai gyara wannan ɓarna. Ƙa'idojin 2021 sun sassauta shawarar ba da mililita 30 ga kowane kilo na nauyin majinyaci, suka mai da ita shawara mai rauni.

Wani gwaji da aka buga a 2019, wanda aka yi a kan mutum 424 a Kudancin Amurka, ya dawo da martabar wani awo da ba ya buƙatar kuɗi. Likita yana danna ɗan gilashi a kan tsokar yatsan majinyaci har wurin ya yi fari, ya riƙe daƙiƙa goma, ya saki, sannan ya duba agogo ya ga lokacin da jini zai ɗauka kafin ya dawo. Idan ya wuce daƙiƙa uku, jinin ba ya kaiwa ƙarshen hanyoyinsa yadda ya kamata. Waɗanda aka daidaita ruwansu da wannan awo ruwan da aka ƙara musu bai kai na waɗanda aka bi da gwajin laktet ba, kuma mace-macensu ba su fi na waɗancan ba.

Neman magani ɗaya da zai lallashi garkuwar jiki kuwa bai yi nasara ba tukuna. Kamfanin Eli Lilly ya fitar da maganin Xigris a 2001 ya janye shi a 2011 bayan babban gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa. Allurar bitamin C mai yawa, wadda aka yi ta yayatawa daga 2017, ta gamu da gwajin LOVIT na 2022, inda waɗanda aka yi wa ita suka fi sauran yawan mutuwa ko dawwamar gazawar gaɓoɓi.

Ma'anar 2016 ta manya ce kawai. Yara sun ci gaba da zama a kan tsohon ma'auni har Janairun 2024, lokacin da aka fitar da ma'aunin Phoenix, wanda aka gina a kan bayanan zuwan yara asibiti sama da miliyan 3 daga Amurka, Kolambiya, Bangaladash, Sin da Kenya. Yana duba sassa huɗu, wato numfashi, zuciya da jijiyoyi, daskarewar jini da ƙwaƙwalwa, kuma maki 2 sun isa a ce yaro yana da sefsis. A cikin yaran da suka cika wannan sharaɗi, kashi 7.1 ne suka rasu a asibitocin da ke da wadatar kayan aiki, a asibitocin da ba su da wadatar kuwa kashi 28.5.