Karen Teku a Kan Dutse Ba Mutuwa Yake Yi Ba

Baƙo a Cape Town da ya ga karen teku (dabbar da Turawa ke kira seal) kwance a tashar jiragen ruwa ta Hout Bay, sai tausayi ya kama shi, wai ruwa ya yar da shi, gara a tura shi ciki kafin ya mutu. Ai ba kifi ba ne! Da huhu yake numfashi kamar ayu, kuma a tudu macen take haihuwa ta shayar da ɗanta. Hutu da shan hantsi ne suka fito da shi.

Mai tausayin ma shi ke cikin haɗari. Karen teku cizo gare shi, kuma a 2024 hukumomin Afirka ta Kudu sun tabbatar da ciwon haukan kare a jikin wasu karnukan teku. A kalle shi daga nesa.