Waiwaye: yadda aka riƙa saita editan rubutu don kowace babbar manhaja

Duk wanda ya sauke tushen editan rubutu na Vim ko na Emacs, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, don ya harhaɗa da kansa, abin da zai fara bugawa shi ne ./configure. Daga nan sai layuka su yi ta kwarara a fuskar kwamfuta, ɗaruruwansu, kowanne tambaya ce da amsarta: akwai fayil kaza? Akwai. Laburaren C, wato tarin ayyukan da ke zuwa da harshen rubuta manhaja na C, yana da aiki kaza? Babu. Yawancin mutane ba sa tsayawa su karanta. Alhali kusan kowane layi a cikinsu yana da dalili: akwai lokacin da wata babbar manhaja, wato mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya kamar Unix ko Windows, ta saɓa wa sauran a daidai wannan wuri, edita ya ƙi tashi, wani ya zauna ya binciko abin da ya hana.

Editan rubutu ya fi yawancin manhajoji shan wannan wahala. Manhajar lissafi lambobi take karɓa ta mayar da amsa, ba ruwanta da inda aka ajiye ta. Shi kuwa edita dole ya ji kowane harafi da zarar an danna shi, ya san yadda ake share layi a fuska, ya ajiye fayil ba tare da ya lalata tsohon ba, ya tayar da wata manhaja a ƙarƙashinsa, ya kuma san abin da zai yi idan aka katse shi yana tsakiyar aiki. Waɗannan su ne wuraren da manyan manhajoji suka fi shan bamban. Ko alamar ƙarshen layi ba a yi ittifaƙi a kanta ba: Unix na sa alama ɗaya, DOS da Windows na sa biyu, tsohuwar Mac kuma tata daban ce.

Matsalar farko ma ba daga babbar manhaja ta taso ba, daga na'urar da mutum ke zama a gabanta ce. Lokacin da Bill Joy ya fara rubuta editan da ya zama vi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1976, kowane kamfani yana da nasa umarnin motsa alamar rubutu a fuska. Maganin da aka samo a ƙarshen shekarun 1970 shi ne termcap, fayil guda da ke bayyana abin da kowace na'ura ke iyawa. Edita ya daina riƙe sunayen na'urori a cikinsa, ya koma duba fayil ɗin yana tambayar yadda ake share fuska a nan. Dabarar da ta warware babbar matsalar daga baya ke nan, wato a tambayi abin da ake iyawa maimakon suna. Sai dai an daɗe kafin a kai wannan dabara ga babbar manhaja ita kanta.

A farkon shekarun 1980 Unix ta rabu gida biyu. Kamfanin AT&T ya fitar da System V a 1983, a shekarar kuma Berkeley ta fitar da 4.2BSD. Kamfanonin kwamfuta kowa ya ɗauki ɗaya daga ciki ya yi mata kwaskwarima ya sa mata suna. A ɓangaren BSD ana sarrafa tashar mai rubutu ta hanyar sgtty, a System V kuma ta termio. Aikin neman harafi a cikin jimla sunansa index a can, strchr a nan. System V ba ta karɓar sunan fayil da ya wuce haruffa 14, BSD kuwa tana kai wa 255. Ƙananan abubuwa ne a ido, amma ko ɗaya ya isa ya hana kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun C zuwa harshen na'ura, kammala aikinta.

A wannan yanayi GNU Emacs ya fito a 1985. Tsarin da Richard Stallman da abokan aikinsa suka bi, wanda ya fito fili a Emacs 18, ya cancanci a tsaya a kansa. A cikin jakar src akwai fayiloli iri biyu. Masu farawa da s- suna bayyana babbar manhaja, misali s-bsd4-2.h ko s-usg5-2.h. Masu farawa da m- suna bayyana na'urar kanta, kamar m-vax.h da m-sun3.h. Mai harhaɗawa zai kwafi config.h-dist ya sa masa suna config.h, ya buɗe shi, ya rubuta sunan fayil ɗin s- da na m- da suka dace da kwamfutarsa da hannunsa. Idan bai san wanda zai zaɓa ba, akwai fayil mai suna MACHINES da ke lissafa na'urori da haɗin da kowace ke buƙata, har da gargaɗin matsalolin da aka sani.

Abin da ke cikin fayil ɗin s- jerin amsoshi ne: wannan babbar manhaja tana da hanyar sadarwa ta soket ko ba ta da ita, tana iya ba wa manhajar ƙarƙashi tashar kwaikwayo ko ba ta iyawa. Na m- kuma yana faɗin yawan bit da ke cikin lamba da kuma ta wane gefe na'urar ke jera su a ma'adana. Raba su biyu da aka yi hikima ce, domin na'ura ɗaya kan iya ɗaukar babbar manhaja fiye da ɗaya. Abin da nake yabawa a tsarin shi ne, mutum yana iya karanta shi. Fayil ɗin gajere ne, cike da bayanin da wanda ya sha wahalar ya bari. Idan kwamfutarka ba ta cikin jerin, sai ka ɗauki fayil ɗin da ya fi kusa da ita ka gyara, ka aika wa masu kula da Emacs, na bayanka ya huta.

Akwai kuma wani abu da ya ɗaure Emacs da kowace babbar manhaja fiye da sauran editoci. Yawancin Emacs da harshen Lisp aka rubuta shi, kuma loda wannan Lisp ɗin duk lokacin da aka buɗe edita yana cin lokaci a kwamfutocin wancan zamani. Sai aka yi dabara: a lokacin harhaɗawa a tayar da Emacs tsirara mai suna temacs, ya loda Lisp ɗin, sannan ya juye duk abin da ke cikin ma'adanarsa zuwa sabon fayil da za a riƙa buɗewa kai tsaye. Ana kiran wannan unexec. Don ya yi aiki dole ya san ƙirar fayil ɗin manhaja ta kowace babbar manhaja ciki da waje, shi ya sa aka samu unexelf.c, unexmacosx.c, unexw32.c da sauransu. Shekaru da dama ya yi yana aiki, har sai da matakan tsaro na zamani, irin sauya wurin da manhaja ke zama a ma'adana duk lokacin da ta tashi, suka fara cin karo da shi. Sai a Emacs 27.1, a 2020, aka maye gurbinsa da hanyar juyewa da Daniel Colascione ya rubuta, wadda ba ta damu da ƙirar fayil ɗin manhaja ba.

Raunin tsarin suna a bayyane yake. Kamfani ya fitar da sabon zubi, ya ƙara abu ɗaya ya cire wani, sunan kuwa bai canza ba. Fayil ɗin s- yana nan yana faɗin abin da ya daina zama gaskiya. A cikin tushen manhajar kuma sharuɗɗan #ifdef, masu gaya wa kwamfaila ɓangaren da za ta ɗauka, suna ta hawa kan juna: idan BSD ce amma ba ta kamfanin Sun ba, sai dai in zubi na huɗu ne. Aiki ɗaya na layi ashirin sai ya zama ba wanda ke iya karanta shi daga sama zuwa ƙasa. A 1992 Henry Spencer da Geoff Collyer suka gabatar da takarda a taron USENIX kan illar wannan ɗabi'a, bisa abin da suka gani wajen rubuta manhajar C News. Shawararsu ita ce a ware abin da ya dogara da babbar manhaja a wuri guda a bayan ƙofa ɗaya, in kuma dole sai an sa sharaɗi, to a gwada abin da ake buƙata, a bar sunan na'ura.

Wasu sun riga sun kama wannan hanya. Larry Wall ya haɗa manhajarsa ta rn, wadda ta fito a 1984, da rubutun umarni mai suna Configure, wanda ke leƙa kwamfutar yana kuma yi wa mutum tambayoyi. Ƙa'idar POSIX ta 1988, wadda aka yi don daidaita ire-iren Unix, ta rage saɓanin, ta kawo termios a madadin hanyoyi biyun da ake rigima a kansu, sgtty da termio. Sannan a 1991 David MacKenzie ya fara abin da ya zama Autoconf. Aikinsa mai sauƙin faɗi ne: a rubuta 'yar ƙaramar manhaja da ke amfani da abin da ake nema, a miƙa wa kwamfaila, in ta karɓa akwai shi, in ta ƙi babu. Amsoshin su taru su zama config.h, fayil ɗin da a da mutum ke gyarawa da hannu.

Emacs 19, wanda ya fito a 1993, ya zo da configure, amma bai saki tsohon tsarin ba. Rubutun yana gano sunan na'ura da na babbar manhaja, ya zaɓo fayil daga jakunkunan s da m, sannan ya ƙara nasa gwaje-gwajen. Haka aka yi ta tafiya da tsari biyu har 2012, lokacin da aka kwashe ragowar abin da ke cikin jakunkunan aka share su. Kusan shekara ashirin ke nan, kuma ban ga laifin jinkirin ba. Kowane layi da za a cire sai an tabbatar ba wata na'ura da har yanzu ta dogara da shi, kuma sau da yawa na'urar ba ta hannun masu aikin.

Vim ta wata hanya ya biyo. Bram Moolenaar ya fara shi a kan kwamfutar Amiga a 1988, ya ɗora a kan Stevie, wani kwaikwayon vi da aka fara rubutawa don Atari ST. Ya fitar da shi ga jama'a a 1991, sai a 1992 ya isa Unix. Da yake ba a Unix aka haife shi ba, tun da wuri ya ware fayiloli kamar os_amiga.c, os_unix.c, os_win32.c da os_vms.c, kowanne yana amsa buƙatu iri ɗaya ta hanyarsa. Ya kuma ƙara wani zaɓin da ba na babbar manhaja ba, a cikin feature.h: girman editan da kake so, daga ƙarami tiny zuwa cikakke huge. Wannan ne ya sa mutum biyu kan buɗe Vim zubi ɗaya, ɗaya yana iya kwafe rubutu zuwa wasu manhajoji ɗayan ba ya iyawa. Umarnin :version yana nuna alamar + ko - a gaban kowace baiwa, kuma nan ya kamata a fara dubawa kafin a zargi editan.

Tambayar da ta biyo baya ta fi ta fasaha nauyi: wace babbar manhaja za a ci gaba da ɗauka, wacce za a sauke? Vim 8.0 na 2016 ya sauke MS-DOS da OS/2. Neovim, wanda Thiago de Arruda ya faro a 2014 daga tushen Vim, ya yi yankan da ya fi haka zurfi: ya zubar da tsofaffin tsare-tsare da yawa, ya koma harhaɗawa da CMake, ya miƙa hulɗa da babbar manhaja ga laburaren libuv da aka fara rubutawa don Node.js, manhajar da ke tafiyar da harshen JavaScript. Emacs kuwa har yanzu yana ɗauke da config.bat na MS-DOS, ya ƙara Haiku a zubi na 29, ya kuma shiga Android a zubi na 30 a 2025. A ganina duka biyun suna da hujja, kuma ma'aunin ɗaya ne: akwai mutum mai rai da ke harhaɗawa a kan wannan tsarin yana gyara abin da ya karye? In akwai, a bar masa. In babu, sharuɗɗan da aka bari nauyi ne kawai a kan masu karatu, ba wanda ya san ko suna aiki.

Editocin da suka zo daga baya, irin Atom na 2014 da VS Code na 2015, sun zauna a kan Electron, tsarin gina manhaja da ya haɗa injin burauza na Chromium da Node.js, don haka masu rubuta su ba sa ganin yawancin wannan aiki. Aikin dai yana nan, a cikin Chromium da Node.js, inda wasu mutane ke yin sa.

Inda nake da damuwa shi ne abin da aka rasa a hanya. Gwada iyawa ya fi dogaro da suna, wannan ba gardama. Amma fayil ɗin configure da Autoconf ke haifarwa dubban layuka ne da na'ura ta rubuta, kuma kusan ba wanda ke karanta shi, alhali shi ne abu na farko da mutum ke saki ya yi aiki a kwamfutarsa. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar sirri da aka dasa a manhajar matse fayiloli ta xz, kuma wani ɓangarenta a cikin rubutun harhaɗawa na kunshin da ake rabawa aka ɓoye shi, wurin da ido ba ya zuwa. Xz ba edita ba ce, amma kayan harhaɗawarta irin waɗanda editocin nan ke amfani da su ne. Wanda ke harhaɗa edita daga tushe zai iya sake haifar da configure da kansa daga configure.ac, wanda shi mutane ne suka rubuta kuma ana iya bin sa. Idan kuma gwaji ya ba da amsar da ba ta dace ba, config.log yana ajiye 'yar manhajar da aka gwada da ainihin abin da kwamfaila ta ce, kuma da shi ake haɗa rahoton da za a aika wa masu kula da editan.