Tara katunan 'yan wasa, sa hannu da kayan tarihin wasanni

Tara kayan wasanni wata sha'awa ce da mutum zai riƙa tattara katuna masu hoton 'yan wasa, ko sitika, ko sa hannun ɗan wasa, ko rigar da ya buga wasa da ita, ƙwallo, takalmi, tikitin shiga fili, kai har kujerar tsohon filin wasa idan an rushe shi akwai masu saye su kai gida. Wasu don son kulob ɗinsu suke yi, wasu don tuna yarinta, wasu kuma kasuwanci ne kawai ya kawo su. Harkar ta fi ƙarfi a Amurka inda besbol da ƙwallon kwando suka mamaye ta, a Turai da Kudancin Amurka kuma sitikar ƙwallon ƙafa da jesi ne a gaba. Abu biyu ne ke sa wa kaya daraja a wannan harka, ƙarancinsa, da kuma shaidar cewa shi ɗin ne ba jabu ba.

Asali

Katin ɗan wasa ba don a tara shi aka fara yinsa ba. A wajajen 1880 zuwa 1890 kamfanonin taba a Amurka irin su Allen & Ginter da Goodwin & Co. suna saka ɗan guntun kwali a cikin fakitin sigari don kada karan ya lanƙwashe, sai suka ga ai gara a buga hoto a jiki ya zama talla, aka shiga buga 'yan besbol da 'yan dambe da tsuntsaye da tutocin ƙasashe. Manya na shan tabar, yara na bin su suna roƙon katin. A Ingila ma haka aka yi da 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan kurket. Daga baya harkar ta koma hannun masu cingam, kamfanin Goudey ya fitar da nasa a 1933, Bowman ya biyo a 1948, sai Topps da ya zo ya fi su duka har ya saye Bowman ɗin a 1956. Shi ma Topps ɗin kamfanin Fanatics ya saye shi a farkon 2022.

Wani mutum mai suna Jefferson Burdick shi ya fara zama ya tsara tsofaffin katunan nan ya ba kowane rukuni harafi da lamba, kuma har yau da lambobinsa ake amfani, idan ka ji an ce T206 to daga wurinsa ta fito, T ɗin na nufin katin taba. Tarinsa gaba ɗaya ya bai wa gidan tarihi na Metropolitan da ke New York.

A cikin rukunin T206 ɗin ne, wanda American Tobacco Company ya buga tsakanin 1909 da 1911, ake da katin Honus Wagner ɗan wasan Pittsburgh Pirates, wanda kusan duk mai wannan harka ya san shi. Wagner ya hana a ci gaba da buga hotonsa, wasu sun ce ba ya son yara su riƙa sayen sigari saboda shi, wasu sun ce a'a kuɗi ne ba a biya shi yadda yake so ba. Ko ma dai mene ne, an tsayar da bugawa da wuri, waɗanda suka rage a duniya yau ba su wuce 'yan gomiya ba. A watan Agusta 2022 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25, ɗan katin da bai kai tafin hannu ba.

Abin da aka zubar shi ya yi tsada

Nan ne abin yake da ban dariya. Yaran shekarun 1950 ba su ɗauki katin a bakin komai ba, suna ɗaure su da roba, suna caca da su a jikin bango, suna maƙala su a sifok ɗin keke don ya riƙa ƙara kamar babur, in yaro ya girma ya bar gida kuma uwa ta share ɗaki ta watsar da kwalin gaba ɗaya. Shi ya sa samun na wancan zamanin mai tsafta yake da wuya. Katin ɗan besbol Mickey Mantle na Topps 1952, mai lamba 311, ya fito ne a rukunin ƙarshe na shekarar lokacin da kakar besbol ta zo ƙarshe hankalin yara ya koma wani wasan, bai sayu ba, ya yi ta zama a sito, har Sy Berger na kamfanin ya ba da labarin cewa a wajajen 1960 ya loda ragowar kwalayen a jirgin ruwa aka je aka juye su a tekun Atlantika. A Agusta 2022 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da guda ɗaya mai kyau sosai dala miliyan 12.6, shi kuwa mai shi dala 50,000 ya saye shi a 1991.

To da mutane suka farga cewa tsohon kati kuɗi ne, sai kowa ya shiga saye yana adanawa, kamfanoni su ma suka ce ga kasuwa ta buɗe, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa wajen 1994 suka buga katuna ba adadi. Kowa ya saya, kowa ya saka a leda, ba wanda ya zubar. Sakamakon shi ne yawancin katunan wancan lokacin yau ko kuɗin ledar da aka saka su ba su kai ba, mutum zai ɗauko kwali guda da ya ɓoye shekara talatin yana zaton ya yi arziki a gaya masa ba mai so.

Kamfanonin sun koyi darasi, sai suka koma ƙirƙirar ƙarancin da kansu. Upper Deck da ya shigo a 1989 ya zo da takarda mai kyau da ɗan tambari mai walƙiya a bayan kati don maganin masu jabu, daga baya aka fara buga lamba a jiki, misali 7/99, wato na bakwai cikin 99 da aka yi, wani ma 1/1 shi kaɗai ne a duniya. Aka kuma fara yanka rigar ɗan wasa gunduwa-gunduwa ana liƙa ƙyallen a cikin kati, abin da wasu tsofaffin masu tarawa har yau suke ganin ɓarna ce, kuma gaskiya suna da hujja, riga guda mai tarihi ta koma ɗaruruwan 'yan ƙyallaye. Amma kasuwa ba ta ji ba. A Agusta 2025 wani kati mai ɗauke da sa hannun Michael Jordan da Kobe Bryant da tambarin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da aka cire daga rigunansu ya tashi a dala miliyan 12.9, ya wuce na Mantle.

Katin da aka fi nema na kowane ɗan wasa yawanci shi ne na shekararsa ta farko, wanda 'yan harkar ke kira ruki, kamar na Jordan da kamfanin Fleer ya buga a 1986. Shi ya sa wasu ke sayen na yaran da suka fara tashe su ajiye, in yaron ya zama gwarzo an ci riba, in ya ji rauni ko tauraronsa ya dushe kuma shi ke nan.

Sitikar Panini

Ɓangaren ƙwallon ƙafa nasa salon daban ne. 'Yan gidan Panini a birnin Modena na Italiya, masu sayar da jarida ne tun farko, suka fara buga hotunan 'yan ƙwallo a 1961, albam ɗinsu na farko na gasar cin kofin duniya kuma shi ne na Meziko 1970. Za ka sayi albam mai guraben da ba komai, kowane gurbi da lambarsa, sai ka riƙa sayen fakiti a rufe ba ka san me ke ciki ba. Da farko daɗi, duk wanda ka buɗe sabo ne. In ka ci rabi sai maimai ya fara yawa, ka samu mai tsaron gida ɗaya har sau shida alhali guda ɗayan da ya rage maka a shafin Brazil ya ƙi fitowa, daga nan dole ka nemi abokan musaya, kuma musayar nan ita ce rabin daɗin abin. Albam ɗin Qatar 2022 sitika 670 yake ci. Na Rasha 2018 kuwa 682 ne, har wani malamin lissafi a jami'ar Cardiff ya lissafa cewa wanda ya ce shi kaɗai zai cika shi ba musaya zai kashe sama da fam 770.

Maki

Kati biyu iri ɗaya, ɗaya dala ɗari ɗaya dala dubu goma, bambancin lafiyarsu ce. Akwai kamfanonin da aikinsu kawai duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, manyan su ne PSA da aka kafa a 1991, da Beckett da SGC da CGC. Suna duba kusurwa huɗun ko sun dakushe, gefe ko ya ɓantare, fuskar katin ko akwai ƙarzuwa ko lanƙwasa, sannan hoton ya zauna a tsakiya ko ya karkata, wanda wannan na ƙarshen ma ba laifin mai katin ba ne, daga injin yanka ya fito a haka amma duk da haka za a rage maki. In sun gama sai su rufe shi ruf a cikin wata roba mai tauri da lambar rajista, ba a sake taɓa shi da hannu. Tsakanin 9 da 10 ido ba ya gani sai da gilashin ƙara girma, amma kuɗin kan ninka sau da yawa.

Sai dai masu ba da makin su ma mutane ne. Katin farko da PSA ya taɓa dubawa wani Wagner ne da ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991, aka ba shi 8. Shekaru ana ta raɗe-raɗin cewa gefensa ya yi kyau da yawa, sai a 2013 dillalin kayan tarihi Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefen katin don ya fito tas, daga baya aka ɗaure shi kan zamba a harkar gwanjo.

Sa hannu da riguna

Sa hannu shi ya fi komai sauƙin samu, ya kuma fi komai sauƙin ƙirƙira. Da can yaro ne zai tsaya bakin fili da biro da takarda, yanzu manyan 'yan wasa suna da kwangila da kamfanoni, a zaunar da mutum ya sa hannu a kaya ɗari-ɗari, wakilin kamfani na tsaye yana liƙa sitikar shaida. Jabu kuwa iri-iri ne, akwai wanda gwanin kwaikwayo ya zana, akwai na sakatare ko yaron kulob da ake ba wa wasiƙun masoya ya sa hannu a madadin ɗan wasa, akwai na inji mai riƙe biro da ake kira otofen, wanda ake gane shi saboda duk sa hannun da ya yi iri ɗaya ne sak kuma nauyin tawadar ba ya canzawa, alhali hannun mutum ba ya maimaita kansa daidai. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi wani bincike mai suna Operation Bullpen daga San Diego, ta kama gungun masu buga sa hannun bogi na manyan 'yan wasa, kuma kayan nasu duk da takardar shaida suke zuwa, ita ma takardar ta bogi. Don haka takardar shaida darajarta daidai take da sunan wanda ya bayar da ita.

Riga kuma sai an bambance wadda ake sayarwa a shago, da wadda aka ɗinka wa ɗan wasa bai saka ba, da wadda ya zuba gumi a ciki, ta ƙarshen ita ce kuɗi, kuma ba a wanke ta, datti da tabon ciyawar ma shaida ne. Yanzu abin da ake yi shi ne a ɗauko hotunan wasan a ƙara girmansu a gwada da rigar, zare da ya fita, lamba da ta ɗan karkace, tabo a kafaɗa, har sai sun dace.

Rigar Maradona ta nuna amfanin wannan. Ranar 22 ga Yuni 1986 a gasar cin kofin duniya, a filin Azteca na Meziko, Ajantina ta ci Ingila 2-1, wasan da ya ci ƙwallo da hannu sannan ya yanke kusan rabin 'yan Ingila ya ci ta biyu. Steve Hodge ɗan wasan Ingila, wanda ƙwallon da ya yi ƙoƙarin fitarwa ce ta tashi sama ta faɗo wa Maradona ya sa mata hannu, shi ne dai ya haɗu da shi a hanyar ɗakin canza kaya suka yi musayar riga. Ya riƙe ta shekara 36, ta daɗe a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila a matsayin aro. Da kamfanin Sotheby's ya fito da ita gwanjo a 2022 sai 'yar Maradona ta ce ai wannan ta kafin hutun rabin lokaci ce, ƙwallayen biyu kuwa bayan an dawo aka ci su, kamfanin ya ce an gwada ta da hotunan ƙwallayen biyu ta dace, aka sayar fam miliyan 7.1. A shekarar ne rigar Jordan ta wasan farko na ƙarshen gasar NBA 1998 ta yi dala miliyan 10.1, riguna shida na Messi daga Qatar suka yi miliyan 7.8 a Disamba 2023, sai rigar ɗan besbol Babe Ruth ta 1932 da ta share su duka da dala miliyan 24.12 a Agusta 2024.

Adanawa

Waɗancan miliyoyin labarin mutane ƙalilan ne, galibin masu tarawa kayansu na 'yan kuɗi kaɗan ne kuma ba su da niyyar sayarwa, wani kulob ɗaya yake bi, wani ɗan wasa ɗaya, wani tikitin duk wasan da ya taɓa shiga kawai. Abokan gabar kayan dai ɗaya ne ko mai tsada ko mai araha, rana da danshi da maiƙon hannu. Kati ana saka shi a 'yar leda mai laushi sannan a zura a roba mai tauri, a riƙe shi ta gefe, ba a ɗaure shi da roba don tana cin gefen. Sa hannu in aka rataye shi inda rana ke bugawa, cikin 'yan shekaru tawadar za ta koɗe ta bar ɗan alama kawai, shi ya sa ake saka shi a firem mai gilashin da ke tare hasken rana, ƙwallon da aka sa wa hannu kuma ba a goge ta da komai ko ta yi ƙura, sai dai a hure.