Naman Kaza Mai Gezar Zaki

Naman kaza mai gezar zaki, wanda masana ke kira Hericium erinaceus, yana tsirowa ne a jikin itatuwan da suka mutu ko suka fara ruɓewa a dazuzzukan Asiya, Turai da Arewacin Amurka. Ba shi da laima kamar 'yan uwansa; farin dunƙule ne mai zare-zare masu lilo. Mutanen Sin sun daɗe suna cinsa, suna kuma maganin ciwon ciki da shi. A Ingila kuwa ya yi ƙaranci har doka ta hana tsinkarsa a daji.

Maganar cewa yana da amfani ga ƙwaƙwalwa ta taso ne daga Japan. A farkon shekarun 1990, Hirokazu Kawagishi da abokan aikinsa na Jami'ar Shizuoka suka gano sinadarai iri biyu a cikinsa: hericenones a tsokarsa, erinacines kuma a siraran zarurrukan da yake shimfiɗawa cikin itace. A ɗakin gwaji an ga suna sa ƙwayoyin halitta su ƙara fitar da NGF, furotin mai raya jijiyoyi, wanda gano shi ya sa masaniyar kimiyya 'yar Italiya Rita Levi-Montalcini ta sami kyautar Nobel a 1986. Gwaji kan ɓeraye ma ya ba da sakamako mai kyau.

Sai dai hujjar da ake da ita kan ɗan Adam ba ta taka kara ta karya ba. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an buga shi a 2009, kuma mutum 30 kacal ya shafa, 'yan shekara 50 zuwa 80 da mantuwa ta fara kamawa. Rabinsu sun sha gram 3 na garinsa kullum har mako 16, suka kuma fi sauran maki a gwajin tunani. Mako huɗu da daina sha, makin ya sauka. Babu wani babban gwaji da ya tabbatar yana warkar da cutar mantuwa ta Alzheimer ko yana hana ta, duk da abin da 'yan talla ke faɗa.

Ana sayar da shi gari, ƙwaya ko a gauraye da kofi. A Amurka, wata doka ta 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya nuna wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, cewa irin waɗannan kayan suna aiki kafin ya kai su kasuwa ba. Wasu kamfanonin a kan hatsi suke noma zarurrukan, su niƙe duka tare, don haka sitaci kan yi yawa a garin. Wasu masu sha kan yi fama da ɓacin ciki ko ƙaiƙayin fata.