Dutsen Suwizalan a Kan Tebur: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsara Ƙaramin Layin Dogo na Kwaikwayo

A Turai da Japan akwai dattawa da samari da ke keɓe ɗaki guda, ko gefen bango, su shimfiɗa layin dogo ɗan mitsitsi: jirgi mai tafiya da lantarki, tasha, gada, tsauni da itatuwa, komai an rage shi bisa lissafi. Wanda ya ga jajayen jiragen Suwizalan suna nannaɗe duwatsu, da wuya ransa bai biya ba. Ga tambayoyin da mai son farawa ya fi yi, musamman in wurinsa kaɗan ne.

Me ya sa jiragen duwatsun Suwizalan suka dace da mai ƙaramin wuri?

Don faɗuwa ta zo daidai da zama. Babban abin da ke tona asirin layin kwaikwayo shi ne kwana. Tebur gajere ne, dole jirgi ya juyo da wuri, sai ka ga dogon jirgin fili yana karya kwanar da ba zai taɓa yi ba a zahiri. A jihar Graubünden da ke gabashin Suwizalan kuwa, jirgin gasken ma haka yake tafiya. Kamfanin Rhätische Bahn, wanda ake taƙaitawa RhB, tazarar da ke tsakanin ƙarafan layinsa mita 1 ce cif, ba milimita 1,435 ta manyan layukan Turai ba. Tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne, ka ga kusan sa'o'in juna ne.

Ɗauki layin Bernina, wanda aka kammala a 1910. Yana tasowa daga Tirano a Italiya, mita 429 sama da teku, ya hau har Ospizio Bernina, mita 2,253. Akwai inda yake hawa mita 7 a kowace mita 100, da ƙafafun ƙarfe zalla, ba haƙoran da ke riƙe shi a kan layin. Kwanarsa mafi tsanani, in ka kafa ƙusa a tsakiyar da'irar ka ja zare zuwa layin, zaren mita 45 ne kacal. Wannan awon zan riƙa kira zaren kwana. Ga layi ɗaya tilo, ga tashoshi ƙanana, ga ramukan da aka huda cikin dutse. Ramin nan shi ne babban aminin mai tebur, domin duk ƙaryar da ƙarancin wuri ya sa ka yi, cikinsa za ka ɓoye ta.

Wane ma'auni zan zaɓa?

Biyu ne suka cancanci dogon tunani.

Na farko H0m: an rage komai sau 87, tazarar layin milimita 12. Kamfanin Bemo na Jamus ya shahara da ƙera jiragen RhB a wannan ma'auni. Jirgin yana cika ido, ana ganin rubutun jikinsa, siririn layin kuma ya yi daidai da na gaske. Sai dai akwai tsada, ga cin wuri.

Na biyu jiragen kamfanin Kato na Japan, waɗanda aka rage sau 150, suna tafiya a kan layin N mai milimita 9. Suna da Glacier Express da Bernina Express, shahararrun jiragen yawon buɗe ido na duwatsun Suwizalan. Masu bin diddigi za su ce maka layin ya yi wa jirgin faɗi, kuma gaskiyarsu ce: mita 1 in aka raba ta 150, ba ta kai milimita 7 ba. To amma wanda ya tsaya taku biyu daga tebur ba zai lura ba, kuma sun fi sauƙin kuɗi. A ganina mai fara koyo da ɗaki ɗaya ya kama nan.

Manyan jiragen kamfanin LGB, da aka rage sau 22.5 a kan layi mai milimita 45, na tsakar gida ne, ba na ɗaki ba.

Wuri nawa ake bukata?

Da jiragen Kato, allo mai girman ƙyauren ɗaki, kamar mita 2 a santimita 80, ya isa layi ya kewayo, ya hau, ya haye kansa. H0m kuwa zaren kwanarsa mafi ƙanƙanta wajen santimita 33 ne, kuma a irin wannan kwana taragai kan turo ƙugu waje, ba kyan gani. Kwanar Bernina ta gaske, in an rage ta sau 87, santimita 52 take bayarwa. Saboda haka matsattsiyar kwana a tura ta cikin dutse, mai faɗin a bar ta inda ido ke gani.

Akwai awon da ba ya cikin kowace takardar kamfani, wato tsawon hannunka. Abin da ya wuce santimita 60 zuwa 70 daga bakin tebur, ba ka kai masa sai ka kwanta a kan itatuwan gaba. In teburin zai jingina da bango, kada zurfinsa ya wuce haka. Wanda ba shi da filin tebur ma yana iya kafa kanta mai faɗin santimita 35 a jikin bango, jirgi ya je ƙarshe ya dawo.

Zan iya haɗa gadar Landwasser da da'irar Brusio da dutsen Matterhorn wuri guda?

Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Bari lissafi ya ba da amsa.

Gadar Landwasser, kusa da garin Filisur a layin Albula na RhB, tsayinta mita 65, tsawonta ya haura mita 130, baka shida gare ta, kuma tana lanƙwasa ta faɗa kai tsaye cikin rami a fuskar dutse. A H0m tsayin ya zama santimita 75, tsawon ya wuce mita ɗaya da rabi. Gada ɗaya ta cinye teburin ke nan. A ma'aunin Kato tsayin santimita 43 ne, tsawon kusan 90. Gadar Brusio da ke layin Bernina, inda jirgi ke yin cikakkiyar da'ira a fili ya bi ta ƙarƙashin kansa, baka tara ce, zaren kwanarta mita 70. A H0m faɗin da'irar mita 1.6 ne.

Matterhorn kuwa a bar zancen. Mita 4,478 in aka raba ta 87, an samu mita 51, wato bene mai hawa goma sha wani abu. Ko a Miniatur Wunderland na Hamburg, inda ake nuna layin kwaikwayo mafi girma a duniya, nasu Matterhorn ɗin wajen mita 6 ne, kuma sai da suka fasa daben da ke tsakanin hawa biyu na ginin. Ban da haka dutsen yana Zermatt ne a jihar Valais, nesa da ƙasar RhB.

Abin da gwanaye ke yi shi ne su zaɓi wuri ɗaya, su kama abin da ke sa a gane shi, su rage sauran. Landwasser mai baka huɗu, tsayi santimita 45, muddin tana lanƙwasa tana shigewa cikin dutse a tsaye, duk wanda ya san ta zai ce ga ta. In ka miƙar da ita ko ka cire ramin, ko baka shida ka yi mata, ta zama gadar wani gari.

Hawan fa? Tunda na gasken yana hawa 7 cikin 100, ni ma in yi haka?

A'a. Nan ne akasarin masu farawa ke yin asarar katako. Ƙaramin kan jirgi ba shi da nauyin da zai danne layi, sai ƙafafunsa su yi ta juyawa wuri ɗaya. Kwana kuma tana ƙara masa jan aiki, don ƙafafun taragai na gogar gefen ƙarfen layi. Hawa 3 cikin 100, wato santimita 3 a kowace mita, shi ne kwanciyar hankali. Da gajeren jirgi ana kaiwa 4. Layin Albula na gaske ma bai wuce 3.5 ba, kuma da gangan injiniyoyinsa suka tsaya nan don jirage masu nauyi su iya bi. Shi ya sa tsakanin Bergün da Preda, inda ake hawa sama da mita 400, suka yi ta murɗa layin cikin ramuka da kan gadoji har ya haura kilomita 12, kusan ninki biyu na tsawon kwarin.

Dabararsu ita ce taka. Kafin layi ya haye kansa a H0m, ana bukatar tazarar kamar santimita 8, haɗe da kaurin katako da hannun da ke saman jirgi yana shafar wayar lantarki. A hawa 4 cikin 100, sai jirgi ya yi tafiyar mita 2 kafin ya sami wannan tsayi. Ina za ka samo mita 2 a ɗan tebur? Sai ka nannaɗe ta kamar gammo. Da'ira mai zaren kwana santimita 40, kewayenta santimita 251 ne. In ta ɗaga santimita 8 a kewaye guda, hawan ya tashi 3.2 cikin 100. A ma'aunin Kato, zare santimita 25 yana ba da kewaye 157, ɗagawar santimita 5 kuma ta sake ba da 3.2. Lura da abin da ke cikin lissafin: duk sa'ad da ka matse da'ira don tsimin wuri, hawan ƙaruwa yake yi.

Abu biyu kuma. Kada layi ya tashi daga shimfiɗe zuwa hawa farat ɗaya, a ba shi kamar tsawon tarago ɗaya ko biyu yana ɗagowa sannu a hankali, in ba haka ba ƙugiyoyin taragai su kwance. Tasha kuma a shimfiɗe ake yin ta, don taragon da aka ajiye kada ya gangara abinsa. Kafin ka yanka komai, ɗauki katako mai mita ɗaya, ɗora layi, tokare gefe guda da littafi mai kaurin santimita 4, ka gwada jirginka da taragansa duka. Gani ya kori ji.

To layi mai haƙora, ba shi ne maganin hawa ba?

A dutsen gaske shi ne. Ana shimfiɗa ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layi, giyar jirgi ta riƙa cizonsa. Layin Vitznau zuwa Rigi, na 1871, shi ne na farko irinsa a duwatsun Turai. Na Pilatus, da aka buɗe a 1889, yana kai hawa 48 cikin 100. Glacier Express ma da haƙora yake haye mashigin Oberalp, mita 2,033, a ɓangaren kamfanin Matterhorn Gotthard Bahn. Bemo na yin irinsa a H0m. Amma shigar giya cikin haƙoran tana son saiti na tsanaki, kuskuren milimita ɗaya ya isa jirgi ya yi tsalle. A bar shi sai gini na biyu.

Yaya tsarin layin kansa zai kasance?

Layi ɗaya mai kewayowa, rabinsa a ɓoye. A gaba tasha guda mai layi biyu inda jirage ke kauce wa juna, da ɗan reshe zuwa rumbun kaya ko wurin lodin gungumen katako. A bayan dutse layi biyu ko uku na ajiye jirage. Amfaninsu shi ne jan jirgin fasinja ya shige rami, na kaya ya fito, mai kallo ya ji kamar layin ya tafi wani gari.

Tsawon layin kaucewa a tasha shi ke yanke tsawon jirginka. Taragon fasinja a H0m kusan santimita 20 ne, kan jirgi da tarago uku sun tasar wa santimita 80, sai ka ƙara wurin mararrabar layi a kowane gefe. Wannan tsawon ya isa. A Oktoban 2022 RhB ta gangaro da jirgi mai tarago 100, tsawon mita 1,906, ta layin Albula, ta kafa tarihi. A H0m wannan jirgin mita 22 ne, sai ya fita ƙofar gida ya shiga layin unguwa.

Da me ake gina dutsen?

Kuskuren farko shi ne shimfiɗa layi a kan allo, sannan a tara dutse a kai. Abin da ke sa wuri ya yi kama da Suwizalan zurfi ne, ba tsayi kaɗai ba, dole a sami kwari a ƙarƙashin jirgi. Kafinta ya haɗa maka firam buɗaɗɗe, a yanka siririn filawud daidai hanyar layin, a ɗaga shi a kan ƙafafu. Daga nan ƙasa ta sauka a wani gefe, ta hau a wani.

Jikin dutsen, farin soson nan mai tauri da ake tokare firij da talabijin da shi a kwali yana yi. A jera shi hawa-hawa da farin gam na kafinta, don gam mai ƙarfin wari narkar da shi yake yi. A sassaƙa da wuƙa, a shafe da filasta, a bi da fenti mai ruwa-ruwa, toka-toka da ƙasa-ƙasa, ya gangara cikin tsagogi da kansa. Bayan dutsen a bar shi a buɗe, ko a yi masa murfi. Jirgi ba ya tashi kaucewa sai a inda hannu ba ya kaiwa.

Zaɓi lokaci ɗaya na shekara. Ƙanƙara fara fat tana da kyau a hoto, amma ƙura na taɓa ta ta koma ruwan ƙasa. Kaka ta fi armashi: a kwarin Engadin da ke Graubünden akwai itatuwan da ganyensu ke rikiɗewa ruwan zinariya a Oktoba, jan jirgi a tsakaninsu ba a magana. Manyan itatuwa a gaba, ƙanana a sama can baya, sai dutsen ya yi kamar ya yi nisa. Turakun wayar lantarki kuma a kafa su, don jiragen RhB na yau da lantarki suke tafiya. Wayar kanta ana iya barin ta, tana hana hannu goge layi.

Mai zaune a ƙasar zafi da ƙura, me zai kiyaye?

Ƙura ce babbar abokiyar gaba, domin wutar da ke tuƙa jirgin, wajen bolt 12, ta cikin ƙarafan layin take bi zuwa ƙafafunsa. Ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga. A yi wa teburin murfi tun a zanen farko, ko da firam ne mai leda, a riƙa goge layi da tsumma mara gashi. Zafi yana miƙar da ƙarfe, don haka a bar 'yar tazara siririya a mahaɗar ƙarafa, kuma kada rana ta riƙa dukan teburin ta taga. Katakon a shafe shi da maganin gara kafin a haɗa.

Da me zan fara gobe?

Da kwali da fensir. Shimfiɗa kwali mai girman teburin a ƙasa, ka zana layin da ainihin girmansa da ƙusa da zare, ka rubuta tsayin kowane wuri a gefensa. Ɗora taragon da ya fi tsawo a kan kowace kwana ka ga inda ƙugunsa ke kaiwa, domin nan ne bakin rami da turakun waya ke tare hanya. In firam ya haɗu an shimfiɗa layi, a bar jirgi ya yi mako biyu ko uku yana kewayawa a kan katako tsirara, gaba da baya, da kowane tarago. Sai ya daina kaucewa sannan a kwaɓa filasta.