Haƙƙin jama'a a wuyan kamfani: tambayoyi da amsoshi

Kamfani ya gina makaranta, ya raba tallafi, ya dasa itatuwa. Bai sauke nauyin jama'a ba ke nan?

Ya kyauta, amma da sauran aiki. Tallafi daga riba ake yankarsa bayan ta shigo hannu. Haƙƙin jama'a kuwa tun kafin ribar yake somawa: nawa aka biya ma'aikaci, ina aka zubar da dagwalon masana'anta, ta wace hanya aka mallaki filin da aka yi gini. Kamfanin da ke gurɓata ruwan sha sannan ya gina asibiti, tufka da warwara yake yi. A dokar kamfanoninta ta 2013, Indiya ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu kan ayyukan al'umma. Kuɗi sun fita, ba shakka, sai dai wannan tanadin bai tambayi yadda aka samo ribar ba.

Ai tsarin ɗorewa, wato yin kasuwanci ba tare da ɓata gobe ba, maganar muhalli ce. Me ya kawo mutane ciki?

Haka kamfanoni da dama suka ɗauka: a rage hayaƙi, a yi tsimin wuta da ruwa, shi ke nan. To, duba motar lantarki. Ba ta hayaƙi, amma batirin da yawa daga cikinsu na ɗauke da ma'adinin kobalt, wanda akasarinsa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi. Wani kaso yana fitowa ne daga ramukan da ake tona da hannu, inda aka sha tarar da yara suna aiki. Shi ya sa yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙulla da kamfanoni a 2000 ta haɗa haƙƙin ɗan Adam, ƙwadago da muhalli wuri guda, sannan a 2004 aka ƙara yaƙi da cin hanci.

Daga ina za a fara?

Daga sanin waɗanda harkar ke shafa: ma'aikata, har da na wucin gadi, maƙwabta, masu kawo kaya, masu saye. Ƙa'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam da Majalisar ta amince da su a 2011 sun ce a gano cutarwa, a hana ta, a bibiyi sakamako, a gyara ɓarnar da aka riga aka yi. A fara da abin da ya fi cutar da mutane, ko da ba shi ya fi barazana ga sunan kamfani ba.

Idan laifin na ɗan kwangila ne fa?

Nan ne gizo ke saƙa. Ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga ginin Rana Plaza a Bangaladash ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka umarci masu ɗinkin tufafi su koma bakin aiki washegari. Ginin ya rufta, mutum fiye da 1,100 suka rasu. Kayan da suke ɗinkawa na kamfanonin Turai da Amurka ne, waɗanda ba su mallaki ko bulo ɗaya a ginin ba.

A ganina, rabin matsalar a ofishin mai saye take. Idan ka matse farashi, ka gajarta wa'adi, ka ce za ka janye oda in an makara, sannan ka aiko da takardar ɗa'a a sa hannu, mai masana'anta ya san wanne zai bi. Bayan wannan masifa kamfanoni sama da 200 suka rattaba hannu kan yarjejeniyar da ƙungiyoyin ƙwadago ke ciki, mai hurumin doka, wadda ta tura injiniyoyi masu zaman kansu duba gine-gine tana wallafa abin da suka gano. Faransa kuma ta yi doka a 2017 da ke ɗora wa manyan kamfanoninta alhakin sa ido kan masu yi musu aiki.

Wa ya kamata ya riƙe aikin?

Ba sashen hulɗa da jama'a ba. Hukumar daraktoci ce, da sashen sayayya. Muddin ladan manaja na ƙarshen shekara ya dogara ga rage kashe kuɗi kaɗai, kuɗin zai rage.

Yaya za a bambance na gaske da na talla?

Karanta rahoton shekara ka nemi labarin da ba daɗi: haɗura nawa aka yi, ƙorafi nawa ya shigo, nawa aka warware, wane alƙawarin bara ne bai cika ba. Rahoton da ya cika da hotunan murmushi babu wannan, talla ne. Volkswagen ta daɗe tana tallar dizal mai tsafta kafin a gano a 2015 cewa motoci kusan miliyan 11 na ɗauke da manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi. Kuma duk wanda ya nuna maka satifiket na ISO 26000, ka yi hattara: jagora ne kawai kan haƙƙin jama'a da aka fitar a 2010, ba a yi shi don ba da satifiket ba.